Baƙin Hayaƙin Motar Maigida

Tana cikin shanya kayan yara matar mai shago ta leƙo ta saman katanga.

"Maƙwabciya, kin ji? Baba makanike ya cika."

Rigar da ke hannunta ta faɗi ƙasa. Ta yi salati, ta zauna a kan bokiti. Mako uku ke nan ba ta gaishe shi ba, ga shi katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da garejinsa.

Mota ce ta haɗa su. Mijinta direban tasi ne, motar nan ita ce cinsu, ita ce shansu. Ya kai wa Baba ita ya canza fulogi. Kwana biyu da dawowarta ta fara fitar da hayaƙi baƙi ƙirin, kamar an ƙona taya. Ga shan mai, ga rashin ƙarfi a hawa. Fasinja suka riƙa sauka suna toshe hanci.

"Tsohon nan ya yi min musanya," in ji maigidan. "Lafiya lau na kai masa ita."

"Haba, baban yara. Shekara nawa muna tare?"

"Ke dai ba ki san makanikai ba. Ya cire min mai kyau, ya sa min gawa."

Tun daga nan ita ma ta fara sa ido. In ta ji ƙarar ƙarfe a garejin sai ta ce me yake kwancewa? Ta ga wani ya fito da abu a ƙunshe cikin jarida, ta ce to, ga kayanmu can an sayar.

Magana ta kai kunnen Baba. Da safe ya shigo da kansa, yana tari, yana dafa bango.

"Tada ta in gani, ɗana."

Aka tada mota. Ya tsuguna wajen salansa, inda hayaƙi ke fita, ya shafa bakinta da yatsa, ya duba.

"Da shuɗi ne sai in ce baƙin mai take ƙonawa. Da fari ne, ruwa ne. Baƙi kuwa, mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Shaƙe ta aka yi."

Ya buɗe gaban motar, ya zaro matatar iska. Takardar cikinta ta kumbura, ta manne wa juna. Ya kai ta hanci ya shinshina. Sai ya ɗago ya kalli matar gidan, wadda ke tsaye bakin ƙofa da tsintsiya. Ya daɗe yana kallonta.

"Matatar ta mutu. Ka sayi sabuwa."

"Sabuwa? Wata biyu da na sa ta! Ina tawa, Baba? Wannan ta wace mota ce?"

 Baba ya ajiye matatar a kan katanga, ya goge hannu a rigarsa, ya fita.

"Kin gani ko? Marar gaskiya ko a ruwa gumi yake," in ji maigidan.

Ta gani. Kallon nan ma da ya yi mata, ta ce na neman wanda zai roƙa masa ne. Da aka sa sabuwar matata hayaƙi ya ɗauke, maigida ya ba da labari a tasha, ita kuma ta ba wa matar mai shago. Kafin mako layin ya ɗauka.

Ranar rasuwar ta shiga gidan Baba da yamma. 'Yar Baba na zaune a ɗakinsa, kusa da akwatin sifanu da kayan aikinsa. Ta karɓi gaisuwar kowa, ban da tata. Sai da ɗakin ya rage mutane ta yi magana, ba ta ko ɗago kai ba.

"Yaya, da wane sabulu kike wanki?"

"Sabulu kuma?"

"Baba ya ce matatar ƙamshin sabulu take. Ya ce wanke ta aka yi da ruwa, ita kuwa takarda ce, kakkaɓe ta ake. Har dariya ya yi, tari ya sarƙe shi."

Sai ta tuna. Washegarin da motar ta dawo, maigida ya cire wani abu mai zagaye ya ajiye kusa da randa, ya shiga cin abinci. Ta gan shi duk ƙura, ta tsoma shi a ruwan wanki, ta cuɗa sosai, ta jingine a rana. Da ya fito ya ɗauka ya mayar, yana waya. Ita a ranta taimako ta yi. Ko sau ɗaya ba ta haɗa wannan da hayaƙin ba.

"Me ya hana shi faɗa?"

"Cewa ya yi mijinki na da zafi, motar kuma ita ce ransa. Ya ce shi tsoho ne, zagi ba ya kama shi." Yarinyar ta share ido. "Mako uku yana fitar da bencinsa, ko mai keke bai tsaya ba."

Matar direban ba ta jira ta huce ba. Ta samu maigida yana goge gilashi, ta faɗa masa duka, a tsaye. Ya ɗaga murya, ya sauke. Ya riƙe tsumman yana kallon katanga.

"Gobe za ka faɗa a tasha," ta ce. "Ni zan faɗa a layi."

Ta bi gida gida. Wasu suka ce Allah sarki, wasu suka ce ai dama su ba su yarda ba. Matar mai shago cewa ta yi, "To yanzu wa zai ji?"

Garejin na nan a kulle, ba a samu mai haya ba. Kullum da safe, in ta gama share ƙofar gidanta, ba ta tsayawa a iyakar katanga. Tana wucewa da tsintsiyar har gaban garejin, ta kwashe ganye da ledoji, ta yayyafa ruwa, sannan ta koma ciki.