Abin da Ke Shan Man Motata

Mutumin da ka roƙa ya rufa maka asiri, ya gyaɗa maka kai, sannan ya je ya faɗa wa 'yarka, me za ka kira shi? Na juya tambayar nan a raina har na gaji, ban samo amsa ba.

Motata ce ta fara shan mai kamar an huda tankin. Tsohuwa ce, amma ba halinta ba ne, kuma ba wata doguwar tafiya nake yi da ita ba. Tun da na rufe shagona na gyaran agogo, aiki ɗaya ya rage mini a duniya: in kai jikokina makaranta da safe, in ɗauko su da rana. Uwarsu babbar 'yata ce, tana gidana da su tun rasuwar mijinta. Uwata nake ce mata, don sunan mahaifiyata gare ta.

Na kai motar garejin Mai Sifana, abokina tun muna samari. Ya canza fulogi, ya karkaɗe abin tace iska, ya auna iskar tayoyi, ya shiga ƙarƙashi yana neman inda mai ke yoyo. Bai ga komai ba. Na tafi, na sake dawowa da kukan nan dai.

"Mai Agogo, ko dai kai kake shan man da shayi?" in ji shi. "Tashi mu zaga. Kai za ka tuƙa, ni in saurara."

Muka hau titi. Bai daɗe ba ya ce, "Sa giya ta uku mana, ka ji yadda injin ke kuka."

"Hanya ta cika."

"Wace hanya? Ko akuya babu. Kuma me ya kai mu bayan kasuwa, ga shataletale can miƙe?"

Na ci gaba da tuƙi. Ya sa na tsaya, ya fita ya kai hannu kusa da ƙafar motar, ya janye da sauri. Birki ya yi zafi har yana ƙauri. Ya dawo ya zauna, ya nuna gaba.

"Karanta mini allon can."

Wani farin abu na gani, kamar an shanya zane. Na ce rana ce ta haske mini ido.

"Rana tana bayanmu," in ji shi a hankali. "Motarka lafiyarta ƙalau. Kana tafe a giya ta biyu, ƙafa ɗaya a totur, ɗaya a birki, kana zaga gari don gudun mahaɗa. Ko sabuwa ce sai ta sha mai. Tun yaushe?"

Na gaya masa gaskiya, abin da ban gaya wa kowa ba. Na ce yanar ido ce ta fara rufe mini gani, amma hanyar makarantar na haddace ta kamar cikin agogo, kowane rami na san wurinsa. Na kama hannunsa na ce don Allah maganar ta tsaya a cikin motar nan. Ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya gyaɗa kai. Wannan kam na gani da kyau, don kusa yake.

Washegari ina ɗaura wa ƙaramar jikata jaka, Uwata ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, ni zan riƙa kai su. Ba ni makullin."

"Wa ya ce miki?"

"Baba, don Allah. Kuma gobe mu je asibitin ido."

"Na ce wa ya ce miki?"

A duniya mutum ɗaya ne ya sani. Na ce mata makullin nan sai dai bayan raina. Ba ta yi musu ba. Ta riƙe hannun yaran ta fita da su a ƙafa, ƙaramar tana waige tana cewa, "Kaka, yau ka yi fushi da amaryarka ne?"

Na tayar da mota, sai gareji. Na hango shi tsaye gaban wata mota, cikin shuɗin kayan aikinsa. Ko sallama ban yi ba.

"Maci amana! Da ka ce mini ba za ka iya ba, da na san da wa nake. Ka gyaɗa mini kai, ka juya ka tsiraita ni gaban 'yata. Abin da ya rage mini ke nan, shi ma ka karɓe!"

Na faɗi abin da ya fi haka, har na ambaci taimakon da na yi masa, abin da ba a ambata. Mutumin ya tsaya kawai. Da na numfasa, sai ya ce da wata murya da ban taɓa ji ba, "Baba, yi haƙuri, ni mota na kawo gyara."

"Ga ni nan, Mai Agogo."

Daga benci muryar ta fito, dab da ni, ta hannun hagu. Ta gabansa na wuce.

Garejin ya yi tsit, har mai bugun ƙarfe ya dakata. Na jira ya ba ni haƙuri, ko ya kare kansa in samu abin kamawa. Bai yi ko ɗaya ba. Cewa ya yi, "Kawo makullin in kai ka gida."

"Ba na shiga mota da kai."

Na bar motar a nan, na tako a ƙafa ina bin gefen bango. A hanya na yi ta auna abin. Ya yi gaskiya, ban musa ba. Amma gaskiyarsa ba ta goge kan da ya gyaɗa ba, kuma har yau ban sake taka garejinsa ba.

Da na isa gida ranar, na samu Uwata a kicin tana wanke kofuna. Na ɗora makullin a gefen famfo.

"Motar tana garejin mutumin can. Ki je ki ɗauko ta. Ki sa mata giya ta uku, ta daɗe ba ta shiga ba."