Ungulu a Injin Jirgin Alhazai

Shekarar da kuɗin mai suka sa kowa ya tasar wa Makka, ni na ɗauko kawuna Abdulsalami daga Zandam zuwa Kano a motata. Gari kaf ya rako shi bakin hanya, aka yafi juna, aka sha kuka. Ya tsufa, ya kuma san in Hajjin bana ya wuce shi, da wuya ya ga na baɗi.

Jirginsu na cikin na ƙarshe. Yana saukowa don ya kwashe su, sai ungulu ta faɗa cikin injinsa. Ungulu fa! Na hango injin ta bayan shingen waya, rataye a ƙarƙashin fiffike, bakinsa ya fi na rijiya faɗi, da wata ƙatuwar fanka a ciki mai zuƙar iska. Wani ma'aikaci ya ce fukafukan fankar sun lanƙwashe, sai an kawo wani injin daga Turai.

Na ce masa, "Malam, ba a miƙar da su da guduma? Fankar motata a Birnin Kudu aka buge ta, ga ta tana aiki."

Ya dube ni kamar na zagi iyayensa.

Haka muka zauna a sansanin alhazai, kullum gafara sa, ba mu ga ƙaho ba. Ni ina ta masifa da duk mai kaki, Kawu yana zaune a kan akwatinsa, bai ko kwance igiyar ba. Zaman nan nasa ya fi komai ƙona mini rai. Ranar da injin ya iso, an riga an rufe saukar alhazai a Jidda.

A hanyar komawa ya ce in tsaya a kasuwar Birnin Kudu. Ya sayi dabino kwano guda.

"Kawu, na mene ne?"

"Yara suna jira, Sabo."

Mun wuce Gwaram, muna shiga Zandam yara suka yo kanmu da ihun "Alhaji ya dawo!" Manya kuwa sun ji labari, kowa ya sunkuyar da kai. Kawu ya shiga raba wa yara dabinon. Jikarsa A'i ta karɓi nata, ta rufe a tafin hannu, ta ƙi ci.

"Kaka, na Makka ne? In ajiye wa Inna?"

Kawu ya shafa kanta.

"Ci abinki, A'i. Na Birnin Kudu ne."