Ɗigo Uku a Jikin Kwandala

Mang Pemyo yana cikin goge gilashin akwatinsa karo na uku Lauya Belarmino ya zo ya tsaya a kansa, hannuwa a baya, tumbi a gaba.

"Mutumina, bari haka nan mana. Ko ka goge har gobe, jabu ba ya komawa na gaske."

"Kai kuma ko ka shekara kana surutu, ba ka iya bambanta kwandala da murfin kwalba," in ji Mang Pemyo, bai ko ɗago ba.

Shekara ashirin da biyu ke nan suna wannan tsiya. Duk ƙungiyar masu tara tsofaffin kwandaloli da lambobin yabo ta Manila an san su, har idan aka zo baje koli na shekara, kamar na yau a hawa na uku na babban kanti, da gangan ake haɗa teburansu kusa da juna don a sha kallo.

Eufemio Tolentino, wanda kowa ke kira Mang Pemyo, tsohon ma'aikacin gidan waya ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi a bayan kanta yana sayar da kan sarki, kuma duk abin da ya rage masa na albashi a kwandaloli iri ɗaya ya ƙare: kuɗin tsibirin Culion, inda a da gwamnati ke kai kutare, ta buga musu kuɗinsu na dabam don kada mai lafiya ya taɓa abin da suka taɓa. Yana da kusan kowane iri. Amma abin alfaharinsa guda ne, peso ɗaya na sanholo da ya tsinta cikin kwalbar maɓallai a wurin wata mai gwanjo a kasuwar Quiapo. Haruffanta sun ɗan kumbura, gefenta bai daidaita ba, sannan a ƙarƙashin shekarar akwai ɗigo uku a jere, waɗanda babu su a jikin kowace kwandala da aka sani.

Shi ya ce gwaji ce daga gidan buga kuɗi na gwamnati, ɗigon kuwa alamar mai zanen ce. Ya rubuta hakan har sau uku a mujallar ƙungiya. Lauya ya ce zubi ne kawai wani ɗan damfara ya yi. Yau da ƙarfe uku kwamitin mutum biyar zai yanke hukunci. In sun yarda, za ta shiga babban kundi da sunan da zai daɗe bayansa: Nau'in Tolentino. Uku daga cikinsu sun riga sun yi masa alkawarin goyon baya a asirce. Shi ya sa matarsa ta goge masa farar rigarsa ta biki tun jiya.

Da rana ta yi, Lauya ya tafi neman abinci. Mang Pemyo ya buɗe kwanonsa na shinkafa da naman adobo ke nan sai ga wata mata mai furfura ta turo keken guragu ta tsayar a gaban teburinsa. Tsohuwa ce a ciki, ƙarama kamar yarinya, ta rufa tawul a cinya.

"Yi haƙuri, Malam," in ji mai turawar. "Nenita sunana. Wurin likitan ido na kawo mahaifiyata a hawa na ƙasa, sai ta ji ana faɗar sunan tsibirin a lasifika. Ta ce ko dai mu hau, ko ta sauka ta rarrafa."

"Can aka haife ni," in ji tsohuwar. "Trining. Ka ce mini Lola, duk unguwa kakar kowa ce ni. Matso da ni, Nenita, kin tsayar da ni kamar mai jiran mota."

Ta zaro hannuwanta daga ƙarƙashin tawul ta ɗora a kan gilashin. Yatsun sun dungule, biyu babu su ma. Mang Pemyo ya ja baya kaɗan kafin ya ankara. Shekara talatin yana tara kuɗin mutanen nan, bai taɓa tsayawa gaban ɗayansu ba.

Tsohuwar ta kyalkyale da dariya. "Kwantar da hankalinka, yaro. Na warke tun kana tsumman goyo."

Kunya ta rufe shi. Don ya wanke kansa sai ya shiga nuna mata kayan ɗaya bayan ɗaya. Ita kuwa ba shekaru ko ƙarfe take gani ba. Wannan, ta ce, burodi biyu yake saye. Wancan shi ake ba mai kwale-kwale. Ƙaramin nan kuwa ƙanenta ya taɓa haɗiye irinsa, aka kwana biyu ana gadin fo.

Sai idonta ya kai kan ta tsakiya, wadda ke kwance ita kaɗai a kan jan ƙyalle ƙarƙashin fitila.

"Ba ni madubin nan naka."

Ya riƙe mata madubin ƙara girma a kan gilashin. Ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓawa.

"Ɗigo ne nake gani a ƙasa, ko idona ne?"

"Ɗigo ne, Lola. Uku." Muryarsa ta koma ta malami. "Alamar mai zanen gidan buga kuɗi ce, wannan kwandala gwaji ce da..."

"Ni ce ta tsakiya," ta ce.

"Na'am?"

"Na farko yayana Doroteo. Na tsakiya ni. Na ƙarshe Benito, mai haɗiye kuɗi." Ta ɗago, idonta ya cika da ƙwalla. "Babana ne ya yi ta. Da tukunyar Inna."

Mang Pemyo ya waiga. Teburin Lauya babu kowa, jama'a kuma sun taru can wajen lambobin yabo na yaƙi.

Tsohuwar ba ta lura ba, labari ya riga ya ɓalle mata. Lokacin yaƙi ne, ta ce, jiragen ruwa suka daina zuwa, yunwa ta shiga tsibirin. Tana da shekara takwas. Babanta maƙeri ne kafin ciwo ya kai shi can. Wata rana ya fasa tukunyarsu ta sanholo, ita kaɗai ce da su, ya narke ta a bayan ɗaki. Ya danna peso na gaske a cikin yumɓu ya fitar da siffa, ya ɗauki ƙaya ya yi ɗigo uku. Yatsunsa ba sa riƙo, don haka ita ce ta riƙe masa ƙayar, shi yana danna hannunta.

"Goma sha huɗu ya zuba. Mai kanti yana gani ya gane, wa zai kasa ganewa? Ya juya ta, ya dubi Baba, ya dube mu, ya jefa a aljihu ya auno mana rogo. Sai da ya karɓe su duka, bai ce uffan ba." Ta goge ido da bayan hannu. "Rogon ya kai ni. Bai kai Doroteo da Benito ba."

Nenita ta dafa kafaɗarta. "Inna, ya isa. Mu tafi, kada motar haya ta cika."

Mang Pemyo ya dubi agogo. Biyu da kwata. In suka juya yanzu suka shiga lif, shi ke nan, babu wanda ya ji. Tsohuwa ce mai ciwon ido, wa ma zai kama maganarta? Ya tuna dare nawa ya yi yana kallon kumburin haruffan nan, zuciyarsa na gaya masa abin da Lauya ke faɗa, yana danne ta. Ya tuna shekarunsa a bayan kanta, inda kowa ke kiransa "kai mai kan sarki". Suna ɗaya yake so ya bari a cikin littafi.

Nenita ta fara juya keken.

"Dakata," ya ce.

Ya zaro ɗan makulli daga wuyansa ya buɗe akwatin. Safar hannun da ba ya taɓa kwandalar sai da ita tana nan a gefe, bai bi ta kanta ba. Ya ɗauko ta ya ɗora a tafin tsohuwar.

"Hannun nan ba ya jin komai, yaro," ta ce. Ta haɗa dungulminta biyu ta ɗaga kwandalar a hankali, ta kai leɓenta na ƙasa, ta goga har ta sami wurin. Ta rufe ido. Leɓen ya tsaya sau uku.

A haka Lauya Belarmino ya dawo ya same su, yana sakace.

"Kai! Pemyo, ka haukace? Kwamiti na zuwa, ka bari ana lasar..." Sai ya ga hannuwan, ya haɗiye sauran.

"Lauya, jawo kujera," in ji Mang Pemyo. "Zubi ne. Kai ke da gaskiya tun farko. Ga 'yar wanda ya zuba ta."

Ya tsaya yana jiran dariyar da ya san shekara ashirin da biyu ana tanadinta. Lauya ya dube shi, ya dubi tsohuwar. Ya cire tsinken daga bakinsa ya sa a aljihu, ya jawo kujera ya zauna.

"Na ce ɗan damfara ne," ya faɗa a hankali. "A rubuce na faɗa. Lola, a gafarce ni."

"To, ai damfarar ce," in ji ta. "Sai dai bai iya ba."

Mang Pemyo ya rufe hannun tsohuwar a kan kwandalar da nasa hannuwan biyu. "Taki ce, Lola. Ki tafi da ita gida."

"In kai ta ina? Cikin gwangwanin allura, jikoki su sayi alewa da ita?" Ta tura masa. "Mayar da ita inda take. Mutumin da ko takalmi bai mutu da shi ba, ga aikinsa a kan jan ƙyalle, har da fitila. Bar shi ya sha haskensa."

Ya mayar da ita. Ya zare katin da aka buga da kyakkyawan rubutu, mai cewa Nau'in Tolentino, ya kifa shi, ya ciro biro. Daga can ƙarshen zauren ya hango 'yan kwamiti biyar sun taso, shugabansu na ɗaga masa hannu da fara'a. Har yanzu rubutun gidan waya bai bar hannunsa ba.

"Yaya sunansa, Lola? Cikakke."

"Gaudencio Lumibao. Maƙeri."

Ya rubuta. Ya ƙara sunayen yaran uku a ƙasa, yana tambaya tana faɗa.

"Saura abu ɗaya," ta ce, tana leƙen katin da idon da ba ya gani sosai. "Ka sa cewa tukunyar ta Inna ce. Har ta mutu ba ta yafe masa ba."