Waɗanda Suka Dawo a Ƙarshe

A cibiyar kwamfuta ta Alhaji Ummaru da ke Gusau, inda na yi aiki, akwai allunan kwamfuta cike da zaure, akwai sola a kan rufi, akwai na'urar sanyaya ɗaki, amma famfon alwala ɗaya ne tak. In aka kira azahar maza ke fara yi, mata su raɓe a inuwar katanga da butocinsu har sai an gama. Ba wanda ya taɓa kafa wannan doka, ba kuma wanda ya taɓa karya ta. Ku riƙe zancen famfon nan, don shi ya ci aikin yayata.

Sunana Muzdalifa, 'yar Tsafe ce ni, injiniyar kwamfuta. Yayata Yelwa malamar firamare ce a Bilbis, ita ta riƙe ni bayan rasuwar Innarmu, da albashinta na yi karatu. A shekarar da nake ba ku labari hukuma ta ce kowane malami sai ya ci jarrabawa a kan kwamfuta, in ba haka ba ya ajiye alli. Zaman farko ya wuce ta, saboda ranar ba mota ko ɗaya da ta yarda ta bi hanyar Bilbis. Saura zama na biyu, kuma daga shi babu wani.

Yaya Yelwa tana tsoron kwamfuta kamar za ta cije ta. Duk ƙarshen mako nakan je Tsafe da tawa, in ɗora mata a cinya, ta riƙa taɓa maɓallan da ɗan yatsa ɗaya tana salati.

"Abin ga ya san ni baƙauya ta," in ji ta. "Dubi yadda shika kallona."

Na ce, "Yaya, na'ura ba ta san baƙauye ba, ba ta san ɗan birni ba. Ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba. Abin da kinka danna shi taka gani."

Ta yi dariya ta ce to Allah Ya sa. Da lokacin zaɓen cibiya ya zo ta zaɓi tamu, don ta ce inda ƙanwarta take nan ne gida.

Sai na ɗan gaya muku yadda abin yake, in ba haka ba za ku ɗauka aljanu ne, kamar yadda wasu suka ɗauka. Allunan da ke zaurenmu fanko ne. Uwar kwamfuta guda ce a ɗakin baya take ɗauke da aikin kowa, kuma ƙwaƙwalwarta ba ta da yawa, Alhaji ya ce ta isa haka. Ƙwaƙwalwar nan kamar faranti take, faifan ajiya kuma rumbu. A cikin kwamfutar akwai ɓangaren da muke kira kanel, shi ke rabon wuri a farantin. Aikin kowane mutum an yanka shi gunduwa-gunduwa, ana ce musu shafuka. In mutum ya daɗe bai taɓa komai ba, kanel ya kwashe shafukansa ya kai rumbu. In ya dawo ya danna maɓalli, a nemi shafinsa a faranti a rasa, wannan shi muke kira kuskuren shafi, ko da yake ba laifin kowa ba ne. Kanel zai tsayar da shi na ƙiftawar ido, ya ɗauko masa shafin, ya ci gaba bai ma san an yi ba. Amma in faranti ya cika, kuma duk waɗanda ke kai suna tsakiyar aiki, kanel ya gwada ya gwada ya rasa wuri, to sai ya kashe aikin mai neman gaba ɗaya.

Waɗanda suka tsara haka ba mugaye ba ne. A ƙasashensu mutane ɗaiɗai suke tashi, wannan ya je shan shayi, wancan ya dawo. Mu kuwa ladan ɗaya ke kwashe zaure. Kowa ya fita tare, kanel ya kai kayan kowa rumbu, maza su dawo a dunƙule su cika faranti, sannan mata su shigo.

Tun a darussan gwaji na lura allunan mata na mutuwa bayan azahar. Badamasi, babban ɗan Alhaji kuma manajan cibiyar, ya ce matan ne suka cika taɓe-taɓe. Ni ban yarda ba. Na bi sawun abin har na kama shi, na zauna na sake rubuta yadda kanel ɗinmu ke amsa kuskuren shafi. Na ware wa kowace kujera kasonta a faranti, wanda ba a taɓawa ko mai ita ya tafi Makka ya dawo. In wuri ya ƙare a rage wa wanda ya fi kowa cin wuri, kada a kashe kowa. Abin ya yi aiki, allon ko mace ɗaya bai sake mutuwa ba. Aibinsa ɗaya, komai ya ɗan rage sauri, shafin tambaya yakan yi jinkiri kaɗan kafin ya buɗe.

Badamasi bai so jinkirin nan ba. Mutum ne mai son a gan shi da sauri, ko tafiya yake sai ka ce an biyo shi. Ya ce, "Injiniya, wagga tsiyar taki ta mai da muna mota keke." Na ce keken da zai kai kowa gida ya fi motar da za ta zubar da rabi a hanya. Ya yi murmushi, ni kuma na ɗauka na ci gardama.

Makon jarrabawa aka tura ni Bungudu in haɗa sabon reshen da Alhaji ya buɗe. Ina can ina jan waya masu duba cibiyoyi suka zo Gusau, da agogonsu na auna saurin buɗewar shafi. Wannan duk daga baya na ji. Badamasi ya ga alamar jinkirin zai sa su yi ƙorafi, ya cire gyarana ya mayar da tsohon kanel. Zaure ba kowa, ba sallah ba alwala, abu ya yi ta gudu kamar walƙiya. Suka yaba, suka manna hatiminsu a ƙofar ɗakin baya, wanda ba mai cirewa sai an gama jarrabawa. Ko waya bai yi mini ba.

Ranar jarrabawa na baro Bungudu da wuri don in ga Yaya, amma motar ta yi ta tsaye-tsaye, ban iso ba sai bayan maza sun idar da sallah. Takardar safe an gama, ta yamma ta buɗe, maza duk sun koma ciki. Mata na kan tabarma a bayan gini, wasu na sallamewa, wasu na ɗaura ɗankwali. Na hango Yaya Yelwa cikin hijabinta ruwan toka, ta ɗaga mini hannu tana murmushi, ta yi mini alamar cewa na safe ya yi kyau.

Na shiga ofis na duba allon da ke nuna lafiyar uwar kwamfutar. Sunan tsohon kanel na gani a sama, faranti kuma ya cika har baki. Na juya wurin Badamasi da ke zaune a ofishin.

"Badamasi, mi kay yi?"

"Mi niy yi? Na ceci cibiya."

"Buɗe ɗakin baya yanzu. Ko ka tsai da matan ga bakin ƙohwa har in yi dabara."

"Ki ga hatimi ko ba ki gani ba? In munka taɓa shi an rufe mu. Kuma agogon jarrabawa na tahiya, wa za shi tsai da su?"

Na fita a guje na sami mai sa ido a ƙofar zaure, wani mutum da hukuma ta turo. Na fara yi masa bayani, ya dube ni sama da ƙasa ya ce wadda ba ta da katin jarrabawa ta matsa. Ina tsaye ina roƙonsa mata suka wuce ta gabana ɗaya bayan ɗaya. Yaya ta shafa kafaɗata da za ta wuce.

Ta taga na kalla. Ta zauna, ta gyara zama, ta yi bisimilla, ta miƙa ɗan yatsan nan nata guda ta danna. Allon ya tsaya cak. Ta jira, kamar yadda na koya mata, ba ta sake taɓa komai ba. Sai ya yi baƙi, ya dawo shafin farko na saka lamba. Haka na kusa da ita, haka na gaba da ita, layin mata gaba ɗaya. Da suka sake saka lambobinsu ya ce musu waɗannan lambobi sun riga sun zauna. Amsoshin safe, da ba a aikawa sai an gama duka, sun tafi tare da aikin da aka kashe. Maza kuwa ko ɗago kai ba su yi ba, nasu na tafiya lafiya lau.

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, kuma har yau in na tuna sai na ji ɗaci a bakina.

Washegari na sami Alhaji Ummaru a gida. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani dalla-dalla, har da faranti da rumbu. Ya saurara, don shi mutum ne mai sauraro, shi ya sa ake yabonsa. Na ce abu ɗaya nake roƙo, cibiya ta rubuta wa hukuma cewa matsalar daga na'urarmu take, a sake ba matan zama.

"Ɗiyata," in ji shi, "na ji ki, kuma na san ba ƙarya kika yi ba. Amma duba. Maza dut sun gama lahiya. In munka ce na'ura ta lalace, sai su ce ta yaya tal lalace ma wasu tab bar wasu? Su amshe izini. Mutum nawa ka ci daga wurin ga? Ki yi haƙuri, abin da Allah Ya rubuta ba ya gogewa."

Na ce, "Alhaji, wanga ba Allah Yar rubuta shi ba da hannu nai. Na san wanda yac cire, na san wanda yam mayar."

Ya ce in sha ruwa in huce.

Rahoton cibiya ya tafi da cewa wasu masu jarrabawa sun rufe aikinsu da kansu saboda rashin sabo da kwamfuta. An bar jaki ana dukan taiki. Na rubuta wa hukuma da kaina, suka amsa cikin ladabi cewa sun tura ƙorafina ga manajan cibiyar don ya tabbatar. Manajan cibiyar shi ne Badamasi. Na tattara kayana na bar musu wurin. A gari kuwa zance ya bazu cewa malamai mata ba su iya kwamfuta ba, har a majalisar shayi ana dariya, wai layi guda sun danna abu guda.

Ba a yi nisa ba na ji Alhaji ya sa an ja famfo na biyu a cibiyar, an rubuta MATA da jan fenti a kansa. Jama'a suka yi ta sa masa albarka, suna cewa samun mai tausayin mata irinsa sai an tona. Badamasi ya mayar da gyarana cikin na'urar a asirce, tunda masu agogo sun tafi.

Takardar sallama daga aiki ta sami Yaya Yelwa kafin kaka. Na je Tsafe na tarar da ita a tsakar gida da rana tana ɓarar gyaɗa. 'Yan makarantarsu da suka shigo gari cin kasuwa sun biyo gaishe ta, suna fita ina shiga, ina jin suna cewa sai an jima Malama. Ta matsa mini a tabarma, ta turo mini kwarya, muka yi ta ɓara.

Can ta ce, "Na yi ta tunani, Muzdalifa. Ina ga da ƙarhi nid danna. Kin ce mani a hankali, ni kau hannuna na rawa."

Ashe duk watannin nan abin da take ɗauke da shi ke nan. Na ajiye kwaryar na gaya mata komai, ban rage ba. Na gaya mata ba yatsanta ba ne, ko da gashin tsuntsu ta taɓa haka za a yi. Na gaya mata zancen faranti, da hatimi, da yadda na'urar ke kashe wanda ya zo ya tarar wuri ya cika.

Ta daina ɓara. Ta daɗe tana kallon hannuwanta.

"Ke kinka ce mani ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba."

"Haka na, Yaya. Ba ta sani ba. Wanda yad dawo ƙarshe kawai tas sani."

Ta ɗauki gyaɗa ɗaya ta fasa, ta jefa ƙwayar a kwarya, ɓawon a ƙasa.

"To ai ta san mu ke nan," in ji ta.