Masu Kunne da Marasa Kunne

…kashi biyu ne, in ji littafin. Masu kunne da marasa kunne. Ba ma kunne ba ne, filafilai ne, da su suke iyo can ƙasan teku inda rana ba ta taɓa leƙawa ba. Oktofas. Har yau sunan yana min nauyi a baki, Haruna. Hannu takwas, zuciya uku. Uku! Ni ɗayar nan ta hana ni sakat.

Tunkuzar nan ta ƙi ba da mai. "Murza mana, Gaji," in ji Inna. Ina murzawa.

Motar Kano tana bakin kasuwa, ana loda mata gyaɗa. Ana idar da azahar za ta tashi, kana ciki. Daga Kano jirgin ƙasa, sai Ikko, aikin tashar jiragen ruwa. Za ka ga tekun da idonka. Ni kuwa ga littafin da ka bar min, babu bango, Turancinsa sai na bi da yatsa…

Marasa kunnen, na saman ruwa, in sun firgita tawada suke fesawa, su ɓuya a ciki. Masu kunnen nan ko jakar tawadar ba su da ita. Me za su yi da ita? Wa zai ga baƙi a cikin duhu?

Jiya a soro ka ce — "Gaji, in zauna ko in tafi? Ki faɗa min da bakinki." Da bakina? Na ja mayafi, na sunkuyar da kai, ina zane a ƙasa da yatsan ƙafa. Duk Ajingi wa bai san ma'anar wannan ba? Da Baffa Datti yana wurin, da tuni ya ce a kawo goro. Haka Yaya Hajo ta amsa, haka Inna ta amsa. Kai ka jira, ka jira… ka ce, "To, na gane." Ka sa takalminka.

Me ka gane? Makarantar Kano ce ta mantar da kai?

Jikin masu kunnen laushi ne da shi, kamar kunu ya kwana. In raga ta ciro su sama sai su lalace, shi ya sa masana suke ta musun dangin da za a sa kowanne a ciki. To nawa zancen ma haka yake — lafiyarsa ƙalau a ciki, da ya doso maƙogwaro…

An kira salla.

Kasuwa ba nisa. Budurwa ta tsaya a tasha, hannu duk maiƙo, a gaban 'yan dako, ta ce me? Kalma ɗaya ce fa. Ɗaya.

"Zauna."

Ta fito. Ashe tana fitowa…

Inna ta ɗago kai. "Da wa kike?"

Hannuna yana cikin turmi har gwiwa, ƙafafuna kuma sun ƙi tashi.