Gilashin Tagar Murhu

A sashen nan na jami'a kowa yana da abin da yake faɗa game da Kawu, mai kula da na'urorin ɗakin gwaji. Masu shara sun ce ya fi su zuwa da wuri, har haushinsa suke ji. Ɗalibai sun ce kalma biyu yake furtawa a yini, ɗayar ma sallama ce. Tsohon direban sashe kuwa ya rantse cewa Kawu yana kallon launin harshen wuta ya gaya maka ko iska ta yi yawa, tun kafin kwamfuta ta gama tunani. Sunan ma ba nasa ba ne. Dakta, malamar da ke bincike a ɗakin, ita ce ke kiransa haka, don ƙanen mahaifiyarta ne, sai kowa ya ɗauka.

Aikin ɗakin gwajin ɗaya ne. Akwai ƙaramin murhu na ƙarfe mai tagar gilashi, faɗinta bai wuce murfin kofi ba. A bayan tagar an kafa wata na'ura da suke kira Ido. Ita ke ɗaukar wani haske da wuta ke fitarwa wanda idon mutum ba ya gani, ta zana shi kamar layi mai hawa da sauka a allon kwamfuta, daga nan a san yadda gas ke ƙonewa. Mako uku ke nan wuta na ci, layin kuma yana kwance a allo kamar an ja shi da rula.

Dakta ta rubuta rahoto cewa Kawu ya goge Ido da ruwan da bai dace ba, ya kashe shi. Ba ta so a ce tana rufa wa ɗan'uwanta asiri. Ranar Talata da ƙarfe goma shugaban sashe, Farfesa, ya sauko da takardar sallamar Kawu a hannu, saura sa hannu kawai.

"To, sarkin surutu," in ji Farfesa, "yau ma shirun za ka yi mana?"

Kawu yana tsaye kusa da kwalin da ya fara haɗa kayansa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni in kunna sau ɗaya."

"Kawu, don Allah," Dakta ta ce, ba ta dube shi ba. "Sau nawa muka kunna?"

"Bar shi," in ji Farfesa. "Shekara ashirin da biyu ta aiki ai ta ci minti biyar."

Kawu ya buɗe gas, ya kunna. Wuta ta tashi shuɗiya, tsayin ɗan yatsa. Layi bai motsa ba. Ya kashe, ya jira ƙarfen ya huce, sannan ya kwance kusoshi huɗu na tagar, ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a kan tsumma. Ba a jin komai sai ƙarar fankar da ke zuƙe hayaƙi. Ya ciro gilashin ya ajiye. Ya sake kunnawa, tagar a buɗe.

Layin ya zabura sama har ya kusa fita daga allo.

Farfesa ya cire tabarau. "Ikon Allah. Ashe Ido lafiyarsa ƙalau."

"Gilashin ne," in ji Kawu. "Na taga na musamman ne, yana barin hasken ya wuce. Wannan na gama-gari ne, tare shi yake yi. A ido duk ɗaya suke. Shi ya sa nake ɗiga jan fenti a gefen na gaskiya." Ya juya gilashin a tafin hannu. Babu ɗigo. "Jiya da nake haɗa kaya na ga na ajiya guda biyu suna nan. Gilashin murfin tsohon ma'aunin gas ne babu, shi ne wannan."

"Wa ya sa shi?" in ji Farfesa.

Dakta ta sunkuyar da kai. Ta tuna Asabar ɗin da ta zo ita kaɗai, tana sauri, ta buɗe wuta da ƙarfi ba ta jira murhu ya ɗumama ba. Gilashin ya tsage. Ta jawo aljihun teburin Kawu, ta ɗauki na farko da ya yi daidai, ta ɗaura, ta zuba tsagaggen a jakarta. Ba ta gaya wa kowa ba. Ko sau ɗaya ba ta haɗa wannan da kwanciyar layin ba, don ta ɗauka na ajiya ta saka.

"Tambayarka nake," Farfesa ya ce wa Kawu. Wasan ya bar muryarsa. "Mutum biyu ke da makullin ɗakin nan."

Kawu ya dubi wutar. "Ɗakin a hannuna yake, ranka ya daɗe. Abin da duk ya faru a ciki, ni ne."

"Ba abin da na tambaya ke nan ba."

"Shi ne abin da nake da shi."

Farfesa ya jinjina kai. Ya shimfiɗa takardar a kan tebur, kusa da kusoshin, ya zaro biro daga aljihu. "Ka canza gilashi, ka ɓoye, aikin mako uku ya tafi a banza. Wannan ai ya fi na farko muni. Dakta, kina da abin cewa?"

Ta dubi tsohon. Kawu ya ɗan girgiza mata kai, kaɗan, yadda Farfesa ba zai lura ba. Bakin biron ya taɓa takarda.

"Tsaya, Farfesa."

Ya tsaya.

"Ni ce. Ni na fasa, ni na saka wancan. Tsagaggen yana cikin jakata har yanzu. Rahoton ma ban bincika ba na rubuta." Ta zagayo teburin ta tsaya a gaban tsohon, ta durƙusa a kan siminti, farar rigar aikinta na jan ƙasa.

"Ke, tashi," in ji Kawu. "A wurin aiki muke."

Ba ta tashi ba. "Kawu, na zalunce ka. Don girman Allah ka yafe mini."