Ɗigon Baba Almakashi

Wanduna goma sha ɗaya ne rataye a bayan ƙofar shagon ɗinkin. Duk cikin wata guda aka dawo da su, kuma kukan masu su iri ɗaya ne: ƙugu ya matse.

Mai shagon, wanda ya gaji wurin daga mahaifinsa, ya nuna wa baƙuwarsa su da haɓa. Ɗauko ta ya yi ta gyara masa tsarin kwamfutar da wani kamfani ya kafa masa wata huɗu da suka wuce. Tun kafin ta zauna teloli suka raɗa mata suna Injiniya.

"Na'ura ba ta tsufa," in ji shi, yana tsaye ƙyam, ƙirji a gaba. "Idon mai yankanmu, Baba Almakashi, ne ya tafi. Ranar Asabar zan sallame shi. Ke dai ki ƙara mana sauri."

"Ka ba ni kwana uku, ranka ya daɗe. Ba na taɓa tsari sai na ga yadda aiki yake tafiya da ƙafarsa."

Ta jawo kujera ta zauna tsakanin kekunan ɗinki, da takarda da biro. Teloli suka samu abin nishaɗi. "Yau mun ga Injiniyar da ba ta kunna kwamfuta," in ji ɗaya. Ta yi dariya, ta ci gaba da zana akwatuna da kibiyoyi. Mai kaya ya zo, a nemo sunansa a na'ura, na'ura ta fitar da 'yar takarda mai lamba da awo, takardar ta tafi teburin yanka. A can Baba yake, shekara arba'in da almakashi a hannu, ba ya magana sai an tambaye shi.

Ta sauko da wandunan nan ta auna su ɗaya bayan ɗaya, tana gwadawa da takardunsu. Ko rabin inci bai kauce ba. Ruwa dai ba ya tsami banza, amma hannun tsohon ba shi da laifi.

A rana ta biyu wani sabon mai kaya ya shigo, mutum mai jiki, masha Allah. Baba ya zagaya masa tef a ƙugu. Injiniya ta ga mutumin ya ɗauke numfashi, tumbin ya shige ciki kamar an kira shi.

"Talatin da takwas," in ji Baba. Mutumin ya washe baki. Baba kuwa ya ɗiga alli sau biyu a gefen tebur.

Da mutumin ya fita ta matso. "Baba, wannan ɗigon fa?"

Ya dube ta. "'Yata, babu namijin da ke tsayawa gaban tef da cikinsa na gaskiya. In ka faɗa masa arba'in, ka rasa shi. Sai ka faɗi abin da yake so, ka yanka abin da yake da shi. Ɗigo ɗaya, inci ɗaya. Duk shekara in na ga mutum ya ƙaru, na ƙara masa ɗigo a littafi."

"Ina littafin?"

A kan kabad yake, ƙura ta rufe shi. Kusan kowane shafi da ɗigo a gefen awon ƙugu. Waɗanda suka kwashe bayanan zuwa kwamfuta lambobi kawai suka ɗauka, ƙila sun zaci kashin ƙuda ne.

"Da ka ga takarda babu ɗigo, me ya hana ka magana?"

"An ce mini na'ura ta san komai. Na ɗauka ta riga ta ƙara."

Abin ya ba ta dariya, ya kuma ba ta haushi. Wata huɗu, ba a samu wanda ya tambayi tsohon nan ko kalma ɗaya ba.

A rana ta uku ta shimfiɗa sabon zanenta a gaban mai shagon. Gurbi biyu ta ware wa ƙugu: awon da ake faɗa wa mai kaya, da awon da ake yankawa. Na biyun Baba ne zai riƙa cike shi.

"Tatsuniya ce wannan," in ji mai shagon. "Ni ƙuguna talatin da shida ne tun ina saurayi, kuma Baba ke min ɗinki. Bai taɓa matse ni ba."

Ba ta yi musu ba. Ta buɗe littafin, ta juyo masa shafinsa. Talatin da shida, da rubutun Baba. A gefe, ɗigo biyar a jere.

Teloli suka tsayar da kekunansu. Baba bai ɗago ba, almakashinsa na ta cin yadi.

Mai shagon ya kalli shafin. Sannan, a karon farko tun zuwanta, ta ga ya saki numfashi har maɓallan rigarsa suka ja.

"Wannan gurbin na biyu," ya ce a hankali, "wa zai riƙa ganinsa?"

"Baba kaɗai."

Ya rufe littafin, ya share ƙurar da tafin hannunsa, ya kai shi teburin yanka da kansa.